Jinin Cakulan da Jinin Kare: Labaran Bayan Fage na Les Maîtres fous da Gurbin Ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Masu sha'awar finafinan ban tsoro suna da al'adar tattara ƴan labarai a kan yadda aka shirya fim: da me aka yi jini, wane ne ya shiga rigar dodo, muryar wa aka ara wa aljani. Waɗannan labarai, da za mu kira labaran bayan fage, akan ɗauke su kayan hira, kuma ba safai manazarta suke tsayawa a kansu ba. A cikin wannan maƙala za mu ɗauke su a matsayin hujja, mu gwada su a kan fim guda da ya shafe mu kai tsaye, wato Les Maîtres fous na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a 1954 a Gwal Kwas, ƙasar da ta zama Gana a 1957. Fim ɗin yana nuna wasan ƴan Hauka, iskokin nan da suka fara bayyana a ƙasar Kurfai, kewayen Filinge.

Mai karatu zai iya cewa Les Maîtres fous fim ne na nazarin al'adu, me ya haɗa shi da finafinan dodanni? Amsarmu tana cikin irin tarbar da ya samu. An buɗe shi da gargaɗi ga masu raunin zuciya, an nemi a halaka shi, an hana nuna shi, kuma abin da ƴan kallo suka fi riƙewa daga cikinsa shi ne kumfar baki da jajayen idanu da naman kare. Duk wanda ya san tarihin finafinan ban tsoro ya san wannan tafarki. Abin da muke son nunawa shi ne, labaran bayan fagen wannan fim suna gaya mana wuraren da aka ƙera tsoron da ke cikinsa, kuma suna tona babban abin da aka bari a waje, wato tarihin Kurfai, wanda in da an sa shi da kallon ya sake.

2. Amfanin labarin bayan fage a fim ɗin ban tsoro

Bari mu fara da misalan da aka fi sani. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock (1960), jinin da ke gangarawa a makewayi ruwan cakulan ne, domin fim ɗin baƙi da fari ne, kuma cakulan ya fi fitowa da kaurin jini a irin wannan hoto. Ƙarar shigar wuƙa cikin jiki kuwa, wani ɗan itace mai kama da kankana aka daddaɓa wa wuƙa aka naɗi sautin. An shafe kimanin mako guda ana ɗaukar wannan fitowa ta ƴan mintoci, aka kafa kyamara sau 78, aka yanka hoto sau 52. Mai kallo yakan rantse ya ga wuƙa tana huda mace, alhali yawan yanka da haɗi ne ya sa idonsa ya cika abin da ba a nuna masa ba.

A Frankenstein na James Whale (1931), Jack Pierce yakan ɗauki sa'o'i kowace rana yana gina fuskar dodo a kan ta Boris Karloff. Kafin labarin ya fara, ɗan wasa Edward Van Sloan yakan fito gaban labule ya gargaɗi ƴan kallo, da sunan mai kamfanin, cewa abin da za su gani zai iya firgita su. A The Exorcist na William Friedkin (1973), aman da yarinyar take fesawa miyar koren wake ce, an kuma sanyaya ɗakin ɗauka da injuna har numfashin ƴan wasa yana fita kamar hayaƙi. Muryar shaiɗanin da ke bakin yarinyar ba ta Linda Blair ba ce, ta Mercedes McCambridge ce, wadda da farko ba a sa sunanta a jerin ma'aikatan fim ɗin ba sai da aka yi jayayya. Nosferatu na F. W. Murnau (1922) kuwa, matar marigayi Bram Stoker ta kai ƙara a kan satar labarin Dracula, kotu ta ba da umarni a 1925 a lalata kofe-kofen fim ɗin, amma wasu suka tsira.

Idan muka dubi waɗannan labarai gaba ɗaya, za mu ga aiki guda suke yi: suna kwantar wa mai kallo da hankali. Suna gaya masa cewa jinin na ƙarya ne, dodon mutum ne mai jiran albashi, ba wanda ya mutu. Suna kuma koya masa, ko da bai lura ba, cewa tsoro sana'a ce, kuma kayan aikinta su ne kusurwar kyamara da almakashin mai haɗa hoto da murya. Wannan darasi na biyu shi za mu ɗauka zuwa ga fim ɗin Rouch, domin na farkon ba ya aiki a can. A Les Maîtres fous jinin na gaske ne, karen ya mutu, kumfar kuma miyau ne na bakin mutane. Tun da abin da ke gaban kyamara ba na jabu ba ne, mai kallo yakan ɗauka cewa babu hannun kowa a cikin abin da ya ji. Nan ne ya kamata manazarci ya yi hattara.

3. Abin da aka ɗauka ranar 15 ga Agusta 1954

Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi. A 1954 yana Gwal Kwas yana binciken ƴan ci-rani, Zabarmawa da Sonwai da Hausawa, waɗanda suke barin ƙauyukansu su tafi Kumasi da Ankara, wato Accra, neman kuɗin lanho da na aure. Bisa ga abin da shi kansa ya ruwaito, shugabannin ƴan Hauka na Ankara sun kalli fim ɗinsa na farautar dorina a kogin Kwara, Bataille sur le grand fleuve, suka gayyace shi ya ɗauki babban taronsu na shekara. Sunayen shugabannin biyu suna cikin rubutun da ya buɗe fim ɗin: Mountyeba da Moukayla.

An yi taron ranar Lahadi 15 ga Agusta 1954, a gonar koko ta Mountyeba da ke wajen Ankara, kuma cikin wuni guda aka ɗauki wasan. Rouch ne riƙe da kyamara, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia suna kula da naɗar sauti. Abin da aka gani sananne ne. Mai goge yana kiɗa. Akwai suri da aka shafa wa fenti ana kiransa fadar gwamna, da gunkin gwamna, da jajayen ƙyallaye a madadin tuta, da bindigogin katako. Masu laifi suna furta laifinsu a biya tara. Sa'an nan iskoki su fara hawa ɗaya bayan ɗaya: Kafaran Gardi, da direban jirgin ƙasa, da Kaftin Maliya, da Madam Lokotoro matar likita, da Gwamna, da Janar, da Kumandan Mugu, da Mai Mota. Suna goga bakin wuta a jikinsu domin a tabbata ba mutane ba ne a wannan lokaci. Daga bisani a yanka kare, a lashi jininsa, a dafa shi, su tsoma hannu cikin tafasasshen romo. Kashegari kyamara ta bi su wuraren aikinsu, ta same su lafiya lau suna murmushi, wasunsu suna haƙa ramin famfo a gaban asibitin masu taɓin hankali na Ankara.

4. Wurare uku da aka ƙera tsoro

Na farko shi ne kyamara. Rouch ya yi aiki da ƙaramar Bell & Howell mai fim na milimita 16, wadda ake murɗawa da hannu kamar agogon da. Murɗi ɗaya ba ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 25, sai ta tsaya. Rouch ya sha ba da wannan labari da alfahari, yana cewa lokacin murɗin ne yake sake wuri ya zaɓi kusurwa ta gaba. Amma mu dubi abin da wannan ya haifar. Taron da ya ɗauki sa'o'i ya koma ƴan guntaye, fim ɗin duka bai fi kusan rabin awa ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin wasan bori ya san yawancin lokacin jira ne: kiɗa yana ta maimaituwa, mutane suna hira, ana kirari, iska tana jan rai kafin ta sauka, in ta sauka kuma ta zauna ta saurari koke ta ba da magani. Mai daƙiƙa 25 a hannu ba zai ɓata su a kan jira ba, zai adana su domin lokacin da jiki ya fara karkarwa. Ta haka na'urar ta tace taron, ta zubar da natsuwarsa ta bar zafinsa. Bugu da ƙari, fim ɗin mai launi ne, kuma Rouch ya kusanci fuskoki ƙwarai. Hitchcock ya ɓoye jan jini a bayan baƙi da fari, Rouch ya kawo shi dab da idon mai kallo.

Na biyu shi ne almakashi. Pierre Braunberger na kamfanin Les Films de la Pléiade ne ya ɗauki nauyin fitar da fim ɗin kasuwa, Suzanne Baron ce ta haɗa hotunan, ita ce kuma daga baya ta haɗa finafinan Louis Malle da dama. Yanka mafi shahara a fim ɗin shi ne na ƙwai. Ana fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, sai murya ta tambaya me ya sa ƙwai, ta amsa da kanta cewa kwaikwayo ne na farin gashin tsuntsu da ke kan hular gwamnan Ingilishi. Nan take hoto ya tsallaka zuwa faretin gwamnan gaske a Ankara, da sojojinsa da tutarsa. Gwamnan Gwal Kwas a wancan lokaci shi ne Charles Arden-Clarke. Wannan tsallake ya yi daɗin kallo, kuma a kansa ne aka gina fassarar da ta fi yaɗuwa, cewa wasan Hauka izgili ne ga mulkin mallaka. To amma faretin ba a gonar Mountyeba aka yi shi ba, kuma ba ƴan Hauka suka liƙa shi a wurin ba. Ƙwai abin sadaka ne ga iskoki a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, ciki har da gaɓar tekun Gana. Paul Henley, a nazarinsa na 2006, ya yi shakkar fassarar Rouch a wannan gaɓa, ya kuma nuna cewa masu wasan sun zo neman lafiya da biyan buƙata ne a hannun iskoki masu ƙarfi. A ganinmu yankan ƙwai ɗan'uwan yankan Psycho ne: hotuna biyu aka jera, mai kallo ya haifi ma'ana ta uku, ya tashi yana zaton da idonsa ya gan ta.

Na uku shi ne murya. Na'urar sauti da kyamara ba a haɗe suke ba, saboda haka motsin leɓe da abin da ake ji ba sa tafiya tare. Ƴan Hauka kuma, in iska ta hau su, suna magana da wani harshe gauraye, Faransanci da Ingilishi da Zabarmanci da Hausa a kakkarye. Rouch ya nemi taimakon Moukayla wajen warware maganganun, sa'an nan ya faɗe su duka da bakinsa cikin Faransanci, da murya mai sauri kamar shi ma an hau shi. Shi ne Gwamna, shi ne Janar, shi ne matar likita, shi ne kuma malamin da ke fassara su. A The Exorcist an ara wa yarinya muryar wata mata aka ɓoye sunan mai muryar. A nan an san mai murya sarai, masu jikin ne aka rufe tasu. Ga mai kallon da ke jin Zabarmanci ko Hausa wannan hasara ce babba, domin abin da zai iya ganewa da kunnensa an danne shi ƙarƙashin sharhi.

Akwai kuma rubutun buɗewa, inda mai fitar da fim yake gargaɗin jama'a game da tsananin wasu fitowa da rashin tausayin da ke cikinsu. Aikin wannan gargaɗi ɗaya ne da na Van Sloan a 1931. Yana shirya jikin mai kallo, yana gaya masa irin fim ɗin da ya shigo kallo tun bai ga ko mutum ɗaya ba.

5. Kurfai, bayan fagen da ba a nuna ba

Rubutun buɗewar bai tsaya ga gargaɗi ba, ya ba da tarihi a taƙaice. Ya ce samari ne suka baro daji zuwa birane suka yi karo da zamanin injuna, daga nan rikice-rikice da sababbin addinai suka taso, kuma ta haka ƙungiyar Hauka ta kafu wajen 1927. Wannan bayani shi ne, a ganinmu, babban rauni na fim ɗin, domin ya sauya wurin haihuwa da mahaifa da dalili.

Hauka ba a birni aka haife ta ba. Ta ɓulla ne wajen 1925 a ƙauyukan Kurfai, yankin Cikal, cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, inda ba jirgin ƙasa ba masana'anta. Wadda aka fara ambata da ita mace ce, Shibo, wadda wasu rubuce-rubuce suke kira Zibo ko Chibo. Iskokin da suka hau ta da mabiyanta baƙi ne ga bori da holle na wurin: gwamna, da hafsoshi, da sojoji masu fareti. Hausawan Kurfai da Arewa suna kiransu Babule, suna danganta su da wuta. Finn Fuglestad, a maƙalarsa ta 1975 cikin Cahiers d'études africaines, ya sa lamarin cikin mahallinsa na siyasa. Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, talakawa suna fama da lanho da aikin tilas da ɗibar soja, Faransawa kuma sun ɗora sarautar kanto a hannun Gado Namalaya a kan jama'ar da ba ta saba da sarki guda mai irin wannan iko ba. Ƴan Babule sun bijire wa wannan sarauta, kuma motsinsu ya bazu zuwa ƙasar Arewa.

Kumandan na Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su da yawa aka tsare su aka yi musu dukan wulaƙanci domin su musanta iskokinsu. A 1927 hukuma ta sake far musu, ta kori shugabanninsu daga ƙasar. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi dacewa a ba ɗalibi labari kafin ya kalli fim ɗin: mutumin da ya dake su ya shiga cikin jerin iskokin. Shi ne Kumandan Mugu, ana kuma kiransa Korsasi saboda asalinsa na tsibirin Kors. Ke nan lokacin da wani ɗan ci-rani ya miƙe a gonar koko a 1954 yana huci da sunan Kumandan Mugu, wani jami'i takamaimai yake ɗauke da shi, mai suna da muƙami, wanda daga baya ya yi gwamna a Kodebuwa da Gine. Mai kallon da bai san wannan ba, mahaukaci kawai zai gani da kumfa a baki.

Sunayen iskokin ma shaida ne ga mai jin Hausa. Hauka kalmarmu ce, kuma daga gare ta Rouch ya ƙago sunan fim ɗin mai fuska biyu, iyayengijin da suka haukace ko kuwa gwanayen hauka. Mugu Hausa ce, Mai Mota Hausa ce. Maliya ita ce Bahar Maliya, tekun da alhazai suke ƙetarewa, kuma ƴan Hauka suna cewa daga can gabas iskokinsu suka zo, babbansu Istambula musulmi ne. Henley ya yi gaskiya da ya ce Musulunci yana cikin wasan ko da yake fim ɗin bai ba shi wuri ba. Lokotoro da Kafaran da Kumandan daga Faransanci suka shigo bakin mutanenmu. Madam Salma tana komawa ga Salaman, hafsan Faransa na farkon zamanin Yamai. Macen da wannan iska ta hau a fim ɗin, Rouch ya kira ta Magasia, wanda ba kome ba ne illa Magajiya, sarautar shugabar mata masu zaman kansu, wadda a garuruwan Hausa da yawa take da hannu a bori. Gaskiya ne zaman Gwal Kwas ya ƙara wa wasan kayan Ingilishi, kamar tuta da salon fareti da taron teburi. Amma ƙashin bayan rundunar daga Nijar ta Faransa ya zo. Da almakashi ya tsallaka zuwa ga gwamnan Ingilishi, sai ya ɗauke idon mai kallo na Paris daga kan kumandan ɗin ƙasarsa.

Ba rashin sani ya kawo wannan giɓi ba. Rouch ya kawo labarin Filinge da na Crocicchia a littafinsa La religion et la magie songhay (1960). Littafin ya samu masu karatu ƴan kaɗan, fim ɗin ya zaga duniya. Paul Stoller, wanda ya kira wasan Hauka barkwanci mai ban tsoro a maƙalarsa ta 1984, ya kuma faɗaɗa batun a littafinsa na 1995, ya nuna cewa a ƙauyukan Nijar jama'a suna dariya da tsoro a lokaci guda in Hauka ta sauka. A gonar Mountyeba babu irin wannan taron ƴan kallo na gari, mata da yara da tsofaffi masu mayar wa iska magana. Dariyar ta ɓace, tsoron ya rage shi kaɗai.

6. Daren Musée de l'Homme da matsalar mai ba da labari

Labarin bayan fage mafi yawo game da wannan fim shi ne na nunin farko a Musée de l'Homme na Paris a 1955, inda Rouch ya yi sharhi da baki yayin da hotuna suke tafiya. Marcel Griaule, malamin da ya jagoranci bincikensa, ya nemi a halaka fim ɗin. Ɗaliban Afirka da ke wurin, cikinsu har da Paulin Soumanou Vieyra, sun ƙi shi saboda suna ganin zai ƙarfafa masu kallon baƙar fata a matsayin dabba. Luc de Heusch ya kare shi. Hukumar Ingilishi ta hana nuna shi a Gwal Kwas, bisa hujjar cin mutuncin gwamna da zaluntar dabba. A 1957 ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis a Italiya. Ana danganta wasan kwaikwayon Jean Genet, Les Nègres, da tasirinsa, Peter Brook kuma ya yi amfani da shi wajen horar da ƴan wasan Marat/Sade na 1964.

Yadda aka saba jera wannan labari, kamar na Nosferatu yake: an yanke wa fim hukuncin kisa, ya tsira, tarihi ya wanke shi. A cikin wannan jeri ɗaliban Afirka sukan fito kamar masu gajeren tunani da suka kasa gane gwaninta. Muna ganin wannan rashin adalci ne. Vieyra da ƴan'uwansa sun san ɗakin da za a nuna fim ɗin da idanun da za su kalle shi, shekaru kaɗan kafin ƴancin kai, lokacin da ake muhawara a kan ko ƴan Afirka sun isa riƙon kansu. Abin da suka hango shi ne abin da muka bayyana a sama: hoto mai zafi da aka raba da tarihinsa. Shekara goma bayan haka, a 1965, Ousmane Sembène ya gaya wa Rouch a fuskarsa cewa masu nazarin Afirka irinsa suna kallon mutanenta kamar ƙwari. Ana iya ganin zafin maganar ya yi yawa ga mutumin da ya yi aiki da Damouré Zika fiye da shekara sittin, ya taimaki Oumarou Ganda da Moustapha Alassane, ya rasu a kan hanyar Birnin Ƙonni a 2004 aka binne shi a Yamai. Amma game da wannan fim guda, maganar tana da gindi.

Wajibi ne kuma mu lura da cewa kusan duk waɗannan labarai, gayyatar shugabanni da murɗin kyamara da fushin Griaule, daga bakin Rouch suka fi yaɗuwa, cikin hirarrakin da ya yi ta bayarwa shekara da shekaru. Gwanin labari ne, kuma gwanin labari yakan gyara zance. A masana'antar Amurka labaran bayan fage sashe ne na talla, suna ƙara wa fim kwarjini. Na Les Maîtres fous ma sun yi wannan aiki, sun gina siffar mai kyamara jarumi da ya shiga inda wasu suka ji tsoro. Manazarci zai yi amfani da su, amma da irin taka-tsantsan ɗin da yake yi wa kowace ruwaya mai tushe ɗaya.

7. Kammalawa

Ba muna kira a jingine fim ɗin ba ne. Shaida ce mai daraja a kan rayuwar ƴan ci-ranin Nijar a Gwal Kwas, kuma fitowarsa ta ƙarshe, inda fuskar mai kumfa ta jiya take komawa fuskar lebura mai fara'a, ta tilasta wa mai kallo na Turai ya tambayi kansa wane ne mahaukacin. Sai dai ita ma wannan fitowa ta mayar da lamarin batun lafiyar ƙwaƙwalwa, magani ga wanda birni ya rikita, alhali a Kurfai batun iko ne da lanho da bulala.

Saboda haka muna ba da shawara uku ga masu koyar da wannan fim a sassanmu. Ta farko, a gabatar da tarihin 1925 zuwa 1927 kafin a kunna shi, domin ɗalibi ya san Shibo da Gado Namalaya da Crocicchia kafin ya ga Kumandan Mugu. Ta biyu, a kalle shi sau biyu, sau ɗaya da sharhin Rouch, sau ɗaya a kashe sauti, ɗalibai su ƙirga yanka su auna tsawon kowace ɗauka, su rubuta abin da ido ya gani dabam da abin da murya ta ce. Ta uku, ɗalibanmu masu jin Kurfayanci da Zabarmanci su tattara abin da zuriyar ƴan Babule suke riƙe da shi a Cikal da Luma da Filinge: kirarin iskokin, da yadda ake ba da labarin kamun, da matsayin da ake ba Shibo. Shekara ɗari ta cika a 2025 da faruwar lamarin, waɗanda suka gani da ido sun ƙaura, abin da ya rage yana bakin jikoki. Idan aka rubuta wannan da Hausa aka ajiye shi kusa da ruwayar Rouch, mai nazarin fim ɗin zai samu baki biyu da zai gwada, kuma zai iya bambance tsoron da Crocicchia ya shuka a Kurfai da wanda kyamara da almakashi suka ƙara masa a Ankara da Paris.